Dokar Awa Ɗaya

Notin ƙarshe ne ya ƙi kwancewa. Surajo ya durƙusa, gwiwa ɗaya cikin mota ɗaya a kan kwalta, ya danna sifana da hannu biyu har ta kuɓuce ta bugi yatsansa. Ya tsotsi yatsan, ya sake gwadawa. Wannan karon notin ya yi ƙara ya saki. Ya rungumo kujerar baya, ya jawo ta waje da baya da baya, ya jingine ta da katanga kusa da safaya da jak da kafet ɗin da ya riga ya fitar.

Safiyar Juma'a ce ta watan Janairu, unguwar Old Airport shiru, sai wani ɗan Nepal da ke wanke mota a ƙarshen layi. Surajo ya tsaya yana kallon cikin motarsa. Bai taɓa ganin ta haka ba, ƙarfe tsirara, ga wayoyi sun bi gefe, ga wani ƙyallen yarinya da ya ɓata tun bara.

Shekara tara ke nan yana tuƙa manyan wani kamfanin gine-gine a Doha, kwana shida a mako, ba ya wuce tamanin ko da hanya babu kowa. Wannan tsohuwar Civic ruwan toka kuwa tasa ce. Da ita yake kai iyalinsa kasuwa da asibiti, kuma da ita yake shiga tseren da wata ƙungiyar 'yan sha'awa ke shiryawa sau ɗaya a wata lokacin sanyi, a wani fili mai kwalta da suke haya a bayan gari. Ana jera robobi masu tsini, kowace mota ta bi tsakaninsu ita kaɗai, agogo ya faɗi wanda ya fi sauri. A ajin motocin titi, wato motocin da ake zuwa aiki da su, Surajo ne kan gaba a bana da maki uku. Saura tsere biyu a ba da kofi.

"Abban Safura, me nake gani haka?"

Haulat ce a bakin ƙofa, 'yarsu mai shekara biyu a kafaɗarta, jakar cefane a hannu.

"An canza doka," in ji shi.

"Gwamnati ta hana kujerar baya?"

"Dokar tsere. Yanzu an yarda mutum ya cire kayan titi. Mota ta rage nauyi."

"To mu kayan titi ne ko kayan me? A ina yarinyar nan za ta zauna? Ka manta ka ce za ka kai mu kasuwar Abu Hamour kafin masallaci?"

Ya manta ɗin. Don ya kare kansa sai ya zaro waya ya kunna mata saƙon muryar da Gariba ya turo masa jiya bayan isha'i. Gariba bakanike ne a Sana'iyya, unguwar gareji da masana'antu, ɗan Zongon Kumasi, kuma a Hausarsa mota namiji ce, doka ma haka. "Ɗan Funtuwa, khalas, magana ya ƙare, doka ya canza. Cire komai. Mota ya huta da kaya."

Yana kashe saƙon idonsa ya faɗa kan zauren ƙungiyar a waya. Saƙo ɗari da talatin da shida bai karanta ba. Ya ja su da yatsa, Turanci da Larabci da hotunan fuskoki masu fushi, har ya kai na ƙarshe, wanda shugaban ƙungiya, Injiniya Rashad, ya rubuta da asuba: ba a canza komai ba tukuna, shawara ce aka kawo, za a tattauna a kaɗa ƙuri'a yau bayan la'asar.

Haulat ta karanta fuskarsa.

"An canza ko ba a canza ba?"

"Ana kan canzawa."

Ta sauke Safura, ta zauna a kan kujerar da ke jingine da katanga, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "To muna jira."

Ya ɗauki sifana. Mayar da kujerar ya fi cire ta wahala, don ramukan notin sun ƙi haɗuwa sai da ya hau kanta da gwiwa. Da ya gama ɗaure kujerar yarinya a kai, ya duba agogo, minti hamsin sun tafi.

A hanyar kasuwa Haulat ba ta yi faɗa ba. Tambayoyi ta yi, waɗanda suka fi faɗa gajiyar da shi.

"Kai wane ɓangare kake?"

"Abin ba ɓangare biyu ba ne."

"Ƙuri'a ce fa. Ko ka ɗaga hannu ko kar ka ɗaga."

Ya yi ƙoƙarin warware mata, yana warware wa kansa. Idan aka yarda a cire kaya, shi iyakarsa kujera da safaya, ya cire da safe ya mayar da rana. Amma akwai masu mota uku a gida, irin su Abdul-Hakim, wani matashi ɗan asalin ƙasar mai kirki da son gudu. Su za su cire esi, su cire gilasai su sa roba, su yaye cikin ƙofofi, motar ta zama kwano da inji. Ba zai sake ganin ƙurarsu ba.

"To ka ƙi mana."

"Idan na ƙi, Masta Gariba ya fita."

Gariba ya riga ya yaye tasa motar tun makon jiya, saboda ya tabbata dokar za ta wuce. In ba ta wuce ba, za a tura shi ajin motocin da aka yi wa aiki, inda zai dinga zuwa na ƙarshe bayan motocin da tayarsu ɗaya ta fi motarsa daraja. Kuma Gariba ne ya fara kai Surajo filin nan shekara huɗu da suka wuce, lokacin da Haulat ba ta zo ba, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar a unguwar Al Muntazah, Juma'a ta zo ta wuce bai yi magana da kowa ba. Gariba ne ya ara masa hular kwano, ya zauna a gefensa yana ihu, "Birki! Yanzu totur! Kar ka ji tsoron shi!" Shi ne kuma yake biye da shi a maki yanzu.

"Wato in ka ƙi, kofi naka ne, abokinka ya fita," in ji Haulat. "In ka yarda, abokinka ya zauna, ku duka biyu wani ya wuce ku."

"Kusan haka."

"Shi Masta ya san haka?"

"Shi gani yake da ni da shi abu ɗaya muke so."

Suka shiga layin masu tumatir. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Ni dai ka bar mana esi. Sauran ku kuka sani."

An yi taron a garejin wani ɗan ƙungiya a Sana'iyya. An ture motoci biyu gefe, an jera kujerun roba, an kawo shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a manyan filas. Mutum ashirin da uku suka zo, ban da shugaba: Larabawa, 'yan Indiya, 'yan Filifin, wani dattijon Bature, sai su biyu Hausawa. Gariba ya tanadar masa kujera a kusa da shi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, furfura ta fara masa a gemu.

"Masta, ka ce min an canza," Surajo ya faɗa a hankali yana zama.

"Ya canza mana. Hannu kawai ya rage a ɗaga. Ka cire naka?"

"Na cire, na mayar."

Gariba ya dube shi kamar bai ji daidai ba, amma kafin ya yi magana Injiniya Rashad ya buga maka, alƙalamin rubutun allo, a jikin farin allo. Mutumin Jodan ne, dogo, mai son tsari. Yakan faɗi magana da Larabci, ya maimaita da Turanci, kuma Surajo ya daɗe da lura cewa ta Larabcin takan fi tsawo. Larabcin Surajo na hanya ne, dama da hagu da jira ni nan. Turancinsa ya fi, amma ba ya son a yi masa da sauri.

Rashad ya ce abu ne mai sauƙi. Doka ta bakwai ta ce motar ajin titi ta riƙe duk kayan titinta. Abdul-Hakim ya kawo shawarar a goge wannan layi. Duk mai magana kada ya wuce minti biyu.

Abdul-Hakim ya miƙe cikin farar jallabiyarsa, ya yi magana da ladabi. Ya ce kowa ya san rabin mutanen da ke nan suna cire safaya a ɓoye kafin su shiga fili. Gara a halatta kowa ya yi a sarari. An yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Sai Biju ya miƙe, wani ma'aikacin asibiti ɗan Kerala mai ƙaramar mota ja. Ya ce kafin a goge kayan titi, a fara faɗa masa mene ne kayan titi.

Daga nan taron ya ɓace wa Surajo. Rashad ya fara jera sunaye a allo. Kujerar baya. Safaya. Jak. Rediyo. Kafet. Hon. Wani ya ce safaya ba kayan mota ba ce, kaya ce da aka ɗora wa mota, kamar buhun shinkafa. Wani ya ce to shi motarsa daga kamfani ba ta zo da safaya ba, shin an cire ke nan ko ba a cire ba? Da aka zo kan esi, wani ɗan Masar ya ɗaga murya ya ce a ƙasar nan esi ba kayan titi ba ne, kayan rai ne. Abdul-Hakim ya ce ai da sanyi ake tsere. Biju ya ce amma da zafi ake zuwa aiki. Dattijon Baturen ya yi bayani mai tsawo kan yadda ake yi a ƙasarsu shekara talatin da suka wuce, da ya zauna mutum biyu suka ce ya goyi bayansu, alhali su biyun ba bakinsu ɗaya ba.

"Me ya ce?" Surajo ya tambayi Gariba.

"Ya ce a cire."

"Na ji kamar ya ce a bari."

"A cire, a bari kaɗan."

Aka kawo gyara a kan shawarar: a cire kujera amma a bar bel ɗinta. Wani ya tambaya wa bel ɗin zai ɗaure. Aka kawo gyara a kan gyaran. Aka kaɗa ƙuri'a kan ko za a kaɗa ƙuri'a a kan gyara na biyu kafin na farko. Surajo ya ga Gariba ya ɗaga hannu, ya ga Biju ma ya ɗaga, sai ya ɗaga nasa, ya ji sanyi a ransa cewa aƙalla wannan bai ɓata wa kowa ba. Allon ya cika da kibiyoyi da goge-goge. Hon ya fita daga jerin, ya dawo, ya sake fita.

Wajen ƙarfe biyar Rashad ya share gumi ya ce akwai wanda bai ce komai ba, kuma shi ne kan gaba a ajin da ake magana a kai, ya dubi Surajo. "Siraj, me ka gani?"

Kawuna suka juyo. Gariba ya ɗan taɓa shi da gwiwar hannu. Biju yana kallonsa daga can gefe da idon mai neman taimako. Surajo ya miƙe bai san me zai ce ba, don haka ya faɗi abin da ya faru, da Turancinsa na direba, kalma bayan kalma.

Ya ce yau da safe ya cire kujerar baya, matarsa ta fito, ya mayar. Minti hamsin. Ya ce da motar ya kai su kasuwa, yanzu haka akwai albasa a but ɗinsa da suka manta ba su sauke ba. Ya ce shi ba zai iya cire esi ba, yana da yarinya. Biju ya fara tafi. Surajo ya ji Gariba ya motsa a gefensa, sai ya yi sauri ya ƙara. Ya ce amma motar Masta Gariba ma motar titi ce. Da ƙafarta ta zo nan, da lambarta, da takardunta, da ita yake zuwa aiki kullum. Ya ce bai ga yadda za a ce mata ba ta titi ba ce. Yanzu kuma ɓangaren Abdul-Hakim ne suka yi tafi.

Ya tsaya yana neman jimlar da za ta haɗa maganar biyu. Bai samu ba. Ya ce, "Shi ke nan," ya zauna.

Dattijon Baturen ya ɗaga yatsa ya ce wannan ita ce shawara mafi hankali da ya ji yau.

"Wace shawara?" Surajo ya tambayi Gariba.

"Naka."

"Ni ban kawo shawara ba."

Amma Rashad ya riga ya goge rabin allo yana rubutu da sauri, Baturen yana faɗa masa kalmomi, ɗan Masar yana gyarawa. Surajo ya hango lamba hamsin, aka goge ta, aka rubuta awa ɗaya. Ya ji ana cewa gyaran Siraj, gyaran Siraj. Wani daga baya ya ce a yi watsi da shi, a koma kan shawarar asali. Rashad ya ce to, a kaɗa ƙuri'a a kan wannan, kuma wannan ita ce ta ƙarshe, don magariba ta kusa.

Ya faɗa da Larabci. Ya maimaita da Turanci: waɗanda ba su amince a yi watsi da gyaran ba, su ɗaga hannu.

Surajo ya fara kwance jimlar a kansa. Ba su amince ba. A yi watsi. Wato in ya ɗaga, yana son gyaran. Amma gyaran yana son a cire ne ko a bari? Ya dubi Gariba, hannunsa a sama. Ya dubi Biju, shi ma a sama. Abdul-Hakim ya ɗaga, ya sauke, ya tambayi na kusa da shi, ya sake ɗagawa. Amma abokan Abdul-Hakim uku hannuwansu na ƙasa, haka ma 'yan Filifin ɗin da tun ɗazu suke bayan Biju. Babu wani layi da zai bi.

Rashad yana ƙirgawa da maka. "Tara. Goma. Sha ɗaya." Ya tsaya. Sha ɗaya sun ɗaga, saura sha biyu.

Surajo ya ɗaga hannu don ya roƙi a maimaita tambayar a hankali.

"Sha biyu," in ji Rashad. "Khalas. Gyara ya zauna, ya zama doka ta bakwai."

"Injiniya, ni tambaya..."

Kujeru sun riga sun fara ƙara. Gariba ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa. "Na sani ba za ka ba ni kunya ba, Ɗan Funtuwa." Biju ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce ya ceci masu mota ɗaya. Abdul-Hakim ma ya zo, da murmushi, ya dafa ƙirji ya ce ya gode, wannan ya ma fi abin da ya nema.

"Ya fi?" in ji Surajo.

"Sosai. Ina da makanikai huɗu. Esi, minti arba'in sun mayar."

Surajo ya ratsa mutane ya isa gaban allo. Ya karanta rubutun sau uku, leɓensa na motsi. Mota tana ajin titi matuƙar ta zo fili da kanta da takardunta masu rai. Ana iya cire mata duk abin da za a iya mayarwa cikin awa ɗaya da kayan aikin hannu.

"Injiniya, wa zai mayar? Mai motar, ko kowa?"

Rashad yana cusa takardu a jaka. "Tambaya mai kyau. Kai me ka nufa?"

"Ni ban nufi komai ba."

"Siraj, dokarka ce, kai ka fi kowa fahimtarta." Ya zaro agogon tsere mai igiya daga jakar ya rataya masa a wuya. Ya ce Juma'a mai zuwa Surajo ya zo fili awa biyu kafin kowa. Duk motar da aka yi shakka a kanta, a sa a mayar mata da kayanta a gabansa, shi ya riƙe lokaci. Motar Surajo kuma Biju zai duba. Ya buga kafaɗarsa. "Yalla, salla."

Sun yi magariba a wani ƙaramin masallaci tsakanin shagon taya da na batir. A raka'a ta biyu Surajo ya kama kansa yana lissafin noti, ya yi istigfari. Da suka fito, fitilun layin sun kunna, Gariba yana ta zuba. Ya ja shi wurin motarsa ya buɗe ƙofar baya da alfahari.

"Duba. Kilo arba'in da biyu ya fita. Na auna."

Surajo ya kunna fitilar waya ya leƙa. Babu kujera, babu kafet, babu rufin ƙofofi. Esi kaɗai Gariba ya bari, don a cewarsa shi ba mahaukaci ba ne. Surajo ya kai hasken inda kujerar baya take zama. A tasa motar akwai ƙarafa huɗu masu rami a wurin, waɗanda ya sha fama da su da safe. A nan babu. Sai tabo huɗu masu sheƙi, an shafa musu jan fenti.

"Masta, ina ƙarafan da kujera ke kamawa?"

"Na yanke. Nauyi ne."

"Da injin yanka?"

"Da haƙori zan yanke?"

Surajo ya kashe fitilar. Ya tsaya riƙe da ƙofar. Kujerar da babu inda za ta kama ba ta mayuwa, ko a awa ɗaya ko a kwana ɗaya. Juma'a mai zuwa wani zai nuna motar nan, Biju ko wani, ba don mugunta ba, don ita ce ta fi kowace tsiraici. Za a kira shi da agogonsa. Gariba zai tsaya da kujera a hannu a gaban mutane, shi kuma zai danna agogo, ya jira awa ta cika, ya faɗi abin da kowa ya gani. Daga nan babu mai bin sa a maki sai wanda ke nesa. Ba sai ya yi komai ba. Ko yanzu in ya ce sai da safe ya shiga motarsa, ya isa.

Gariba yana goge madubin gefe da hannun riga, yana 'yar waƙa.

"Kujerar tana ina?" in ji Surajo.

"Bayan gareji. Gobe masu gwangwan za su zo su ɗauka."

"Kar ka ba su. Ƙarafan fa?"

"Suna cikin bokiti, in yaran ba su zubar ba. Me ya faru?"

"Ka karanta abin da aka rubuta a allo?"

"Me zan karanta? Mun ci."

Surajo ya faɗa masa jimlar da Hausa, a hankali, rabin farko sannan rabi na biyu. Gariba ya saurara, ya ce a sake. Ya sake. Waƙar ta tsaya. Gariba ya leƙa cikin motar ya daɗe yana kallon jan fentin.

"To wane ne ya kawo wannan doka?"

"Sun ce ni ne."

"Kai ka ɗaga hannu ma."

"Kai ma ka ɗaga, Masta. Kafin ni."

Gariba ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Wata babbar mota ta wuce ta watsa musu ƙura, babu wanda ya matsa.

"Ranar Talata ina tashi daga aiki ƙarfe huɗu," in ji Surajo. "Ka nemo injin walda. Mu liƙa ƙarafan, mu gwada kujera da kafet da rufin ƙofa, mu ga ko za su shiga cikin awa ɗaya. In ba su shiga ba mu sake ranar Laraba."

"Tsaya. In mayar da kujera."

"E."

"Sannan?"

"Sannan ka cire, ka shiga tsere."

"In mayar don in cire." Gariba ya dube shi da kyau. "Ɗan Funtuwa, ka san in mota ya shiga babu kujera, zan wuce ka?"

"Wataƙila."

"Ba wataƙila. Kilo arba'in da biyu."

"Ban da ƙarafa. Su za su zauna."

Gariba ya rufe ƙofar baya. Ya zagaya ya shiga mazaunin direba, ya tayar da inji, ƙarar ta cika motar kamar ana buga garwa. Ya sauke gilashi.

"Shi Abdul-Hakim fa, da yaransa huɗu? Ya halatta?"

Surajo ya taɓa agogon da ke wuyansa, ya juya shi yana neman inda ake dannawa.

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "Ka zo da bokitin dai."